Rancen Waya da Tonon Asiri

A makon jiya saƙo ya shigo wayata daga lambar da ban sani ba, ɗauke da hoton wani maƙwabcina mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12 da ke Legas, an rubuta a ƙasa cewa ɓarawo ne, duk wanda ya san shi ya matsa masa ya biya. Laifinsa bai wuce rancen naira 15,000 da ya karɓa a wata manhajar ba da bashi ba, kaya suka ruɓe a hanya, ya yi jinkirin kwana huɗu. Saƙon ya je wa limaminmu na nan Ketu, ya kuma je wa surukinsa a Funtuwa, dattijon da ko sunansa ba ya iya kamawa saboda kunya.

Ni dai ban ci bashinsu ba, ban kuma sauke manhajarsu ba, amma ga lambata a hannunsu. Ranar da bawan Allah ya latsa alamar amincewa, bai san cewa lambobin mahaifiyarsa da abokan cinikinsa da namu duka ya bayar jingina ba. Shi ya sa ba na yarda da masu cewa wanda ya ci bashi shi ya jawo wa kansa, domin amanar da aka kwashe ta mutane da yawa ce.

Bashi ba baƙo ba ne a kasuwa. Idan mutum ya gaza, dillali ko Sarkin Hausawa kan kira shi gefe, a yanka masa wa'adi, a tashi ba wanda ya ji. Wannan rufin asiri shi ne jarin baƙo a Legas, da shi ake ba shi kwando ba takarda, kuma shi waɗannan kamfanoni suka mayar bulala.

Gaskiya hukuma ta taɓuka. A Maris 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Ikeja, a 2023 kamfanin Google ya hana irin waɗannan manhajoji da ke rumbunsa na sauke manhajoji karanta lambobi da hotuna, a Yunin shekarar kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. Sai dai wasu sun koma tura manhajar kai tsaye ta WhatsApp, inda ba mai tantance ta, kuma mai neman kuɗin mota da asuba ba ya tsayawa karanta sharuɗɗan da aka rubuta da Turanci.

Maƙwabcin nawa ya biya har da kuɗin ruwan da suka ɗora. Tun ranar nan dai a wani masallacin yake sallar asuba.