Harajin ribar hannun jari da ƙananan 'yan kwangila a Birtaniya

Wani labari da na karanta ya nuna cewa masu aikin kwangila da ke karɓar kuɗinsu ta hannun kamfaninsu na kansu a matsayin ribar hannun jari, wato kason riba da kamfani ke biyan mai shi, suna samun rangwamen haraji fiye da ma'aikacin albashi, amma a ganina marubucin bai yi la'akari da yadda rangwamen ya ƙanƙance ba. A shekarar 2016, fam 5,000 na farko na ribar hannun jari ba a biyan haraji a kansa. Aka rage shi zuwa fam 2,000 a 2018, sannan fam 1,000 a 2023, kafin ya koma fam 500 a 2024. Kuma kada a manta, kafin mai kamfani ya ɗebi sisin kwabo a matsayin riba, kamfanin ya riga ya biya nasa harajin, wanda tun Afrilun 2023 yake kaiwa kashi 25 cikin ɗari idan ribar kamfanin ta haura fam 250,000. Gaskiya ne ba a cire kuɗin inshorar ƙasa, wanda gwamnati ke cirewa daga albashin ma'aikata, daga ribar hannun jari, sai dai ɗan kwangila ba shi da albashin hutu, kuma duk watan da bai samu aiki ba, daga aljihunsa zai ci.