Ƙannena Marubuta, Wace Mace Kuke Ba Mu Labarinta?

Da ku nake, 'yan matan Sakkwato masu rubuta labari a WhatsApp da Wattpad, da ku masu kwana karantawa har cajin waya ya ƙare. Ba cewa zan yi ku bari ba. Ba da labari aikinmu ne tun fil'azal: kaka ce ke cewa "ga ta nan, ga ta nanku", yara su amsa "ta zo mu ji ta". Damuwata ita ce irin macen da kuke zana mana.

Ku duba littafi goma cikin waɗanda ake turawa a gurup. Yarinya fara, doguwa, ɗiyar talakawa, ba ta da aikin yi sai kuka. Sai ga wani matashin mai kuɗi, miskili, ya zage ta, ya shara mata mari, a shafi na hamsin kuma a ce ashe duk so ne. Haba! Ƙanwarki mai shekara 14 tana karanta wannan a ƙarƙashin bargo, tana koyon cewa wulaƙanci alamar ƙauna ce. Ran da wani ya ɗaga mata hannu a ɗakinta, me kike so ta ce?

Sauran matan labarin kuwa, Allah ya kyauta. Kishiya kullum tana gidan boka, uwar miji muguwa, bazawara mai ƙwace mazan mutane, ƙawa maciyar amana. Finafinan Kannywood da yawa haka suke tafiya, amma can aƙalla sai mu ce galibi maza ne ke rubutawa suna ba da umarni. A wayarki fa? Ba wanda ya riƙe miki hannu.

Abin da ya fi ba ni takaici, a garin Nana Asma'u muke yin wannan. An haife ta a 1793, ta rasu a 1864, tana nan kwance a Hubbare kusa da mahaifinta, Shehu Usmanu. Ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma ba ta bar su a takarda ba. Ta naɗa jajoji, wato mata shugabanni, ta ɗora musu malfa, suka riƙa jagorantar matan ƙauyuka zuwa wurinta, su haddace waƙoƙin su koma su koya wa na gida. Su ne 'Yan Taru. Ta san waƙa ta fi wa'azi saurin shiga tsakar gida, shi ya sa ta zuba ilimi a cikinta. Mahaifinta ma ya yi wa malamai faɗa a rubuce kan barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Don haka duk wanda ya ce muku mace mai ilimi da ra'ayin kanta baƙuwar al'ada ce daga Turai, ku ce ya je ya karanta tarihin garinsa.

Ban ce ku mayar da labari huɗuba ba, labarin da babu daɗi ba mai karanta shi. Ku rubuta soyayya, ku rubuta kishi, tunda akwai su. Amma ku ba mace hankali da sana'a da dalilin abin da take yi. Ko muguwa ce, mu san me ya mayar da ita haka. Ga mai fura da nono da ke sammako daga ruga da ƙwarya a ka, ta dawo ta ƙirga cinikinta ta ware na adashe. Ga ungozomar da ake buga wa ƙofa da tsakar dare. Ga bazawarar da ta ɗauki jakarta ta koma makaranta da goyo a baya, mutanen unguwa na zunɗen ta. Ga kishiyoyi biyu da suka haɗa kai suka riƙe marayu bayan rasuwar maigida. Kowace unguwa akwai su, amma da wuya ki gan su a littafi.

Ku masu karatu kuma, ku ne ke tura kuɗin shiga gurup. Idan marubuciya ta mayar da dukan mace ya zama soyayya, ku gaya mata cikin ladabi a ƙarƙashin shafin, kada ku tsaya a "Anti, a ƙara mana".