Wanda ya gayyata shi ke biya

Akwai halayen Turawa da na haƙura na saba da su, irin su bin layi da yawan duba agogo. Amma a gayyaci mutum cin abinci sannan a miƙo masa lissafi, wannan har gobe bai kwanta mini ba.

Wata abokiyar aikinmu ce a nan Manchester ta samu ƙarin girma, ta ce mu zo mu taya ta murna a wani gidan abinci mai girkin Sifaniyawa da Italiyawa, irin wanda ake kira tapas. A can ba a kawo wa kowa farantinsa. Ƙananan farantai ake jerawa a tsakiyar tebur, kowa ya kai cokali. Wurin duhu-duhu ne, da kyandir a kowane tebur, ga busasshiyar cinyar alade har da kofatonta an kafa a kan kantar gidan, wani matashi yana yanko ta falle-falle, siriri har kana hango wuƙar ta cikin naman. Jamón suke ce mata, kuma tana cikin abin da ya fi tsada a gidan.

Aka fara saukewa. Patatas bravas, soyayyen dankalin turawa da jar miya a kai, wai mai yaji, yajin da ko ɗan yaye a Kano ba zai yi tari ba. Tortilla, wainar ƙwai mai kauri da dankali da albasa. Jatan lande a kaskon ƙasa yana tafarfasa cikin man zaitun da tafarnuwa, wannan kam ba ƙarya, na yi ta dangwalar man da burodi har kasko ya bushe. Daga ɓangaren Italiya aka kawo bruschetta, gasasshen burodi da yankakken tumatir a kai, da arancini, dunƙulen shinkafa mai cuku a ciki da aka soya. Sauran kuwa sai da na yi ta tsare mai kawo abinci da tambaya. Wannan fa? Chorizo, alade ne. Croquetas ɗin nan? Akwai jamón a ciki. Dunƙulen naman? An gauraya da alade, miyar ma da giya. Na tsaya a kan dankali da ƙwai da lemo, su kuwa kwalaben jar giya sai sauka suke yi.

Da aka gama takarda ta zo, an ɗora kuɗin hidima kashi 12.5 cikin ɗari. Mai gayyatar ta zaro waya ta raba daidai wa daida, injin kati ya zagaya tebur. Na biya kason aladen da ban ci ba da giyar da ban sha ba, ina murmushin yaƙe. Kuɗin bai dame ni ba kamar yadda babu wanda ya ga wani abin kunya a ciki.

Kada a ce ban yi musu adalci ba. A tsarinsu babu mai bin wani bashin alheri, babu wanda zai kwana yana tunanin yadda zai rama. Mu kuma mun san mai gidan da ke cin bashi don kada baƙo ya raina shi. Na yarda. Sai dai ko a Sifaniya ba haka abin yake ba. A Granada in ka sayi abin sha, kyauta ake haɗo maka da tapas, kuma abokai kan yi karɓa-karɓa, wannan ya biya yanzu, wancan ya biya a shago na gaba. Ingilawa sun ɗauko farantan sun baro karamcin a can. Granada ɗin nan kuwa ita ce masarautar Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ta faɗi a 1492, kuma ta hannun Musulmin ne noman shinkafa da rake ya bunƙasa a ƙasar. Ba na cewa daga nan kyautar ta samo asali, amma ni dai raina ya ba ni akwai ɓurɓushi.

Abin dariya, wani a teburin har yana yi mini bayani cewa cin abinci a faranti ɗaya yana ƙara danƙon zumunci, ya kamata in riƙa gwadawa. Ni! Wanda ya tashi ana fito da tuwo ƙofar gida bayan magariba, duk wanda ya gifta a ce masa bismillah.

To amma da na kira ƙanina a Abuja ina ba shi labari, ko mamaki bai yi ba. Ya ce, "Yaya, ai nan ma yanzu kowa tasa ta fisshe shi." Tun da aka cire tallafin mai a 2023, in samari suka fita kowa aljihunsa yake dubawa, gidaje kuma duk get ne da mai gadi, ina za a ajiye tiren tuwon?

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗana. Kwanan baya abokinsa ya zo gida, yaron nan ya buɗe firij ya ɗauko yogot ɗaya ya zauna yana sha, ko tayi babu. Na yi masa faɗa, ya dube ni ya ce ai abokin bai ce yana so ba. Uwarsa ta ce in ƙyale yaro, haka ake yi a nan. Ban ƙyale ba. Hutun makaranta mai zuwa Kano za shi wajen kakarsa, ko nawa tikitin jirgi ya kai.