Ba ko'ina ake hana baƙo ƙuri'a ba

Cewa ɗan ƙasa kaɗai ke zaɓe, kamar yadda wasu ke faɗa, akwai gyara. A Tarayyar Turai, albarkacin yarjejeniyar Maastricht ta 1992 wadda ta kafa Tarayyar, ɗan wata ƙasa memba na kaɗa ƙuri'a a zaɓen ƙaramar hukuma da na Majalisar Turai a inda yake zaune. Inda gizo ke saƙar shi ne rajista: a wurare da dama, in aka rufe kundi babu sunanka, shi ke nan. Ƙuri'ar gidan waya ma a wasu wurare ana watsar da ita in ta makara ko sa hannu ya saɓa. Makaho kuma fa? In babu takarda mai rubutun makafi, wa zai tabbatar ɗan rakiyarsa ya dangwala inda ya ce?