Idan maganin farko bai karɓe ka ba, koma wurin likita

Mai hawan jini idan ya sha magani jinin bai sauka ba, babu wanda ke ce masa ya haƙura da asibiti. Komawa yake yi a sauya masa wani, 'yan uwa ne ma za su raka shi. Amma mai ciwon damuwa, da zarar ya buɗe baki ya ce maganin da aka ba shi bai karɓe shi ba, sai gida ya ɗauka: ai dama mun faɗa, wannan ba ciwon asibiti ba ne. Shi ke nan an rufe babin. Na ga an yi wa mutane da dama haka a nan Jos, ni ma saura ƙiris a yi mini, shi ya sa na zauna yin wannan dogon rubutu. Mai sauri ya wuce abinsa, ba laifi.

Magungunan damuwa suna da yawa, kuma likita, komai ƙwarewarsa, ba shi da wani awon jini da zai nuna masa wanda zai dace da jikinka tun ranar farko. Gwadawa ake yi. Akwai wani babban bincike da aka yi a Amurka mai suna STAR*D, wanda sakamakonsa ya fito a 2006, aka bibiyi mutane kimanin 4,000 masu wannan ciwo. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka warware da maganin farko. Da yawa daga cikin sauran sai a karo na biyu ko na uku suka samu kansu. Can ke nan, inda likitoci da magani suke a wadace. To me zai sa a nan mu ɗauki gazawar na farko a matsayin hukuncin ƙarshe?

Ni da amitriptyline aka fara mini. Tsohon magani ne, tun shekarun 1960 ake amfani da shi, kuma shi ne na talaka don yana da araha. Gaskiya ya dawo mini da barcin da na daɗe rabona da shi. Sai dai ya zarce. Koyarwa nake yi, makogwaro shi ne jarina, sai ga bakina ya bushe ƙayau, harshe na mannewa a ganɗa, ba na iya kai rabin darasi ba tare da ledar ruwa a hannu ba, har ɗalibai suka fara lura. Asuba kuwa, ga sanyin Jos na Disamba ga nauyin magani, mai ɗakina sai ta yi ta jijjiga ni kafin in gane a wace duniya nake. Ga taurin bayan gida. Amma ƙanwar mahaifiyata wannan maganin dai take sha, kuma lafiya lau ya zauna mata. Wanda ke da shi a gida ya ɓoye shi nesa da yara, domin idan aka sha da yawa yana taɓa zuciya, yana kisa.

Aka mayar da ni kan fluoxetine, wanda duniya ta fi sani da Prozac tun da aka amince da shi a Amurka a 1987. Shi da safe ake sha. Farkonsa babu daɗi: tashin zuciya, abinci ya fita raina, jiki ya ƙi zama wuri ɗaya. A nan ne mutane da yawa ke jefar da magani, don babu wanda ya yi musu bayanin cewa illar ce ke riga amfanin isowa. Sai an yi mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin sauƙi, kuma likitoci kan jira mako huɗu zuwa shida kafin su ce ya yi ko bai yi ba. Da na daure, sauƙin ya zo. Na koma amsa waya. Na koma zama a majalisar ƙofar gida bayan la'asar, har ana musun ƙwallo da ni.

Sai kuma abin da ba a faɗa. Irin waɗannan magunguna, su fluoxetine da sertraline da danginsu, suna iya kashe sha'awa, ko su jinkirta biyan buƙata, ga namiji da mace duka. Sananniyar illa ce, tana rubuce a takardar da ke cikin kwali, amma wa ke karanta wannan ƙananan rubutu? Wata ranar asibiti likita ya gama tambayata barci da cin abinci, ya ajiye biro ya ce, "Malam, yaya gida? Ina nufin tsakaninka da iyali." Na kalli ƙofa, na kalli ma'aikaciyar jinyar da ke jera katuna a gefe. Ya gane, ya ce mata, "Sista, ɗan ba mu wuri." Da ta fita na faɗa masa. Ko gezau bai yi ba, ya ce, "Maganin ne, ba kai ba ne, kuma akwai abin yi."

Wannan magana ta likita nake so ta isa kunnen mazan garin nan. Domin na san yadda abin ke tafiya: mutum ya ga canji a jikinsa, kunya ta hana shi faɗa, ya daina magani a ɓoye, ya bi ta tashar Bauchi Road ko Taminus ya sayi haɗin maganin maza da bai san abin da aka zuba ciki ba. A gida kuma uwargida ta fara lissafi, ko aure zai ƙara, ko an yi masa sammu. Bayan wata biyu damuwar ta dawo, ga rikicin gida ya ƙaru a kai. Mata kuwa abin ya fi tsanani, don ita ko an tambaye ta, da wuya ta iya furtawa a gaban likita namiji. Ina roƙon likitocinmu su riƙa tambaya da kansu, kada su jira mu. Bahaushe ba zai kawo wannan zance da bakinsa ba.

A ƙarshe mirtazapine ne ya zauna mini. Da dare ake sha, bai cika taɓa sha'awa ba, amma yana buɗe ciki. Tela ya shaida, don sai da ya saki mini wanduna. Na auna, na ga wannan illa ce da zan iya zama da ita. Babu maganin da ba ya karɓar wani abu a hannunka, abin dubawa shi ne wanne za ka iya biya.

Masu cewa "ai ƙwaya ce, idan ka fara ba ka dainawa" suna da 'yar gaskiya a bakinsu, sai dai sun cakuɗa ta. Maganin damuwa ba ya sa maye, ba ya sa ka riƙa neman ƙari kamar tiramol ko kodin. Amma jiki yana sabawa da shi, idan ka yanke lokaci guda za ka iya jin jiri, rashin barci, saurin fushi, wasu har su ji kamar ana ja musu lantarki a ka. Shi ya sa a hankali ake rage shi, bisa tsarin likita, kuma galibi sai an ƙara aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi. Tunda na ambaci tiramol: haɗa shi da waɗannan magunguna haɗari ne, yana iya kawo jijjiga da zazzaɓi mai tsanani. Mai sha ya faɗa wa likita, ba ɗan sanda ba ne.

Abu biyu kuma da iyali ya kamata su sa wa ido. Matashin da bai kai shekara 25 ba, a makonnin farko tunanin kashe kansa na iya ƙaruwa, kada a bar shi shi kaɗai, kuma idan ya furta a garzaya asibiti ranar. Sannan wanda ya taɓa yin kwanaki ba barci ba gajiya, yana ta surutu da ɓarnar kuɗi, a gaya wa likita tun farko, domin wannan wani ciwo ne daban, maganin damuwa shi kaɗai na iya tayar masa da shi.

Hajiyata har yau tana aiko mini da rubutu da habbatus sauda, ina kuma yin addu'o'ina. Ban taɓa ganin sun yi faɗa da maganin asibiti ba, illa dai duk jiƙon da za ka sha ka sanar da likita. Ko azumi bai hana ni ba, tunda sau ɗaya ake sha a rana, bayan buɗa-baki nake haɗiye nawa.

Inda raina ke ɓaci shi ne tsada da ƙarancin ma'aikata. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a sama da miliyan 200. An sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, madalla, amma a shekarar ce darajar naira ta faɗi, kuɗin magani ya tashi. Na san masu raba ƙwaya biyu, ko su sha yau su tsallake gobe, don ta kai su ƙarshen wata. Sai su ce maganin ba ya aiki. Idan aljihu ne matsalar, faɗa wa likita ƙarara, akwai masu sauƙin kuɗi. Kuma tunda layi dogo ne, mintunan da za ka samu kaɗan ne, rubuta abin da kake ji a 'yar takarda kafin ka shiga: barci, ci, sha'awa, kuɗi, da duk abin da kake sha a gefe.

Masu shirin biyo ni ta akwatin saƙo su tambayi wanne za su saya a kemis, don Allah ku yi haƙuri, ba zan faɗa ba, ni malamin makaranta ne. Akwai sashen masu wannan lalura a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna, ga wanda can ya fi masa kusa.