Wanda ya shiga ɗakin Rennala ba ya irin wannan magana

Ban kama sunan kowa ba, kuma ba zan kama ba. Amma akwai wani a cikinmu da ya dame mu da labarin yadda ya gama da Rennala, sarauniyar matsafa da ake yaƙa a wasan bidiyo na Elden Ring, wai shigarsa ta farko, wai ko jininsa ba ta taɓa ba. Da a nan ya tsaya, da ban tanka ba. Abin da ya ƙona min rai shi ne yadda yake zama kan yaran da suka fara wasan kwanan nan yana kiransu ragwaye, har da ba su shawarar da ke kai su ga halaka.

Wai a dage da dukan ƙwallon zinariyar da take ciki har ya fashe. Malam, wane ɗaki ka shiga? Duk wanda ya haura makarantar Raya Lucaria, ya wuce jan kerkecin nan, ya kauce wa ƙaton ƙwallon da ke gangarowa kan matakala, ya san ba a taɓa ta tana shawagi a sama. Ɗalibanta ne ke riƙe da kariyar, suna rarrafe a ƙasa cikin ɗakin littattafai suna rera waƙa. Wadda ka ga haske ya kewaye ta, littattafai na tasowa daga wajenta suna dukanka, ita za ka nema, ko da ta ɓuya a bayan tarin littattafai. Ka buge uku, ƙwallon ya tarwatse, Rennala ta faɗo ƙasa, sannan ka samu ɗan lokacin sara kafin ta sake tashi. Wannan ba sirri ba ne, ido ne kawai.

Sai kuma babbar: wai a yaƙe ta da sihiri, tunda tsafi da tsafi ake karya shi. Sarauniyar makarantar matsafa guda! Sihiri kusan ba ya cin jikinta. Ƙarfe ne ke cinta, kuma sara kaɗan ke sa ta tangaɗi ta kasa ƙarasa abin da take haɗawa. Mai sandar sihiri ma in yana da wayo sihirin Rock Sling yake jefa mata, saboda duwatsu ne, dukan jiki suke yi. Wani yaro ya bi waccan gurguwar shawara, ya yi ta harbin banza har shuɗin ruwansa na ƙara ƙarfin sihiri ya ƙare, ana ta kashe shi. Na ga lokacin da ya ajiye hannun wasan a hankali, idonsa ya ciko, ya ce shi dai bai iya ba. Ya iya mana. Hanyar ƙarya aka ɗora shi a kai, sannan wanda ya ɗora shi ya fi kowa dariya.

Zango na biyu kuwa mai labarin ba ya ko kusantarsa, kuma na san dalili. A nan ɗakin ke ɓacewa, ka tsinci kanka tsaye kan ruwa, wata cikakke a bayanta. Kafin ka gyara tsayuwa ta saki Comet Azur, doguwar wutar nan mai shuɗi da ke iya shanye jininka gaba ɗaya in ka tsaya a saitinta. Gefe ake gudu. Sannan ta fara kiran mataimaka, kerkeci, ƙato, har dodon nan mai fuka-fuki. Ba a tsayawa faɗa da su, ɗan jim kaɗan suke ɓacewa; kai dai ka manne mata, kada ka ba ta tazara. Kuma wanda ya kaɗa ƙararrawa ya kira nasa kerkecin uku bai yi abin kunya ba, FromSoftware, kamfanin da ya ƙirƙiri wasan, shi ya sa su a ciki tun fitowarsa a 2022, don a yi amfani da su. Abin kunya shi ne ka miƙa wa wani hannu ya yi maka aikin, ka karɓa bayan an ƙirga maka runes (kuɗin wasan) 40,000 na cin faɗan, ka fito kana taƙama.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. An tambaye shi ina ake sauya ƙarfin da mutum ya riga ya raba, ya ce ai ba a yi. Alhali ita Rennalar da yake cewa ya kashe tana nan zaune a ɗakin, rungume da ƙwanta, kana kai mata wani abu da ake samu a wasan mai suna Larval Tear tana sake maka haihuwa, ka sake raba ƙarfinka. Wanda ya ci faɗan da hannunsa, ita ce farkon abin da zai gani.

Yaron nan ya dawo, ya ɗauki takobi, kuma ya wuce ta. Shi kuma mai baki, Asabar muna nan bayan la'asar. Akwai wanda ya ajiye wasansa daidai bakin ƙofar ɗakin Rennala, za mu ba shi hannu a gaban yaran da yake zagi.