"Doka ce." To, wace doka?

A Kaduna kalmar doka ta zama babbar riga, kowa ya ga dama sai ya zura. Mai gadi ya ce doka ce, mai karɓar haraji a kasuwa ya ce doka ce, takardar da aka manna a bangon ofis ita ma doka. Tun zamanin En'e ake cewa ɗan doka, wataƙila shi ya sa har yau duk abin da mai kaki ya furta muke ɗauka ya zauna.

Alhali abin hawa-hawa ne. Ƙudiri bai zama doka ba ko da an yi masa karatu uku a Lugard Hall, zauren majalisar dokokin jiha, sai gwamna ya sa hannu. Kwana 30 gare shi. In ya ƙi, majalisa ta sake amincewa da rinjayen kashi biyu cikin uku, shi ke nan, ya zama doka ba da hannunsa ba. Ƙa'idoji kuwa 'ya'yan doka ne: kwamishina ko wata hukuma ke rubuta su da ikon da uwar dokar ta bayar, kamar ƙa'idojin filaye da KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, ke aiki da su. In suka wuce gona da iri, kotu na iya soke su. Umarnin baki ko nan bai kai ba.

Nan Ingila ba tsoron Allah suka fi mu ba, rarrabewa suka iya. A littafin ƙa'idojin hanya, inda aka rubuta "dole" doka ce, kuma a ƙasa za ka ga sunanta da sashenta. Inda aka rubuta "ya kamata" shawara ce. Takardar tarar ajiye mota tana zuwa da lambar laifi, da wuri, da lokaci, da hanyar ƙorafi, kuma wanda ya biya cikin kwana 14 rabi zai biya.

Mu ma muna da madogara, ba ma karantawa ne kawai. Sashe na 36(12) na tsarin mulkin 1999 ya ce ba a kama mutum da laifi a kotu sai an fayyace laifin da hukuncinsa a rubutacciyar doka. Don haka in an tare ka a Kawo an ce tara, ka tambaya cikin ladabi: ranka ya daɗe, wace doka, wane sashe, nawa ta yanka, a wane asusu ake biya? In za ka biya, ka karɓi rasit.